Fuskar Yumɓu a Jikin Bishiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, barci ne dai ya yi wuya. Har yanzu ina fita kurmi da matasa masu damuwa. Suna gina fuskokin yumɓu a jikin bishiyoyi, mu bar wa ruwan sama ya wanke, hankalinsu ya kwanta.

Wata yarinya da ba ta magana ta gina fuskar tsohuwa mai tabo a gira, ido a rufe. Yaya, Inna ce sak, kuma ban taɓa nuna wa kowa hotonta ba. An yi ruwa, duk sun narke, ban da ita.

Duk kiran da na yi, sai ki ce tana barci. Don Allah ki tashe ta, in ji muryarta.

Ƙanwarki