Alamar da Ba a Yi wa Cikin Baba Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Tiyata na asibitin da aka yi wa mahaifina aiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni tela ne. Shagona yana nan Dutse, amma asalinmu mutanen Aujara ne, kuma can mahaifina yake noma har ciwo ya kwantar da shi. Ban ambaci sunanka ko na asibitinku ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Na rubuta a fili ne saboda na tabbata ba Baba kaɗai abin nan ya shafa ba.

Zan fara da namu laifin. Baba ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, muka ce basir ne, muka yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe har ya rame. Sai da muka kawo shi wurinku aka gano ciwon daji ne a ƙarshen babban hanji. Kun yanke inda ya lalace, kuka fitar da bakin hanjin ta gefen ciki, aka manna jaka tana tare bayan gida. Yau Baba yana raye, kuma bayan ikon Allah hannunku ne sila. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma akwai abubuwa uku da suka tsaya mini a rai.

Na ɗaya, inda aka buɗe ƙofar da hanjin yake fitowa. Baba yana ɗaure wandonsa a ƙasan cibiya, kamar kowane dattijo na wajenmu. Ni nake ɗinka masa kaya tun ina koyon sana'a, na san ƙugunsa fiye da nawa. Daidai inda zariya take zama, inda fatar ciki take naɗewa in ya sunkuya, nan aka huda. In yana kwance jakar tana zama lafiya lau. Da ya yi ruku'u sai gefenta ya ɗago, ta fara yoyo. Fatar wurin ta yi ja, ta saɓule, kullum cikin zogi.

Da farko na ɗauka haka aikin ya gada. Sai ranar da muka koma a duba shi, wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga rigarsa, ta duba wurin, sannan ta ce da ni, "Ba a yi masa alama kafin a shiga da shi ba?" Ita ce ta bayyana mini cewa akan sa mutum ya tsaya, ya zauna, ya sunkuya, a ga inda yake ɗaure wando da inda cikinsa yake naɗewa, sannan a ɗiga alama da alƙalami a wuri mai shafe wanda idonsa zai iya gani. Ta ce in an yi haka jakar ta fi kamawa, fata ta fi tsira.

Ranka ya daɗe, ranar na kasa taka keken ɗinki. Ni da yadi nake yanka, ba na ɗaukar almakashi sai na auna mutum na ja layi da alli. In wando ne, nakan ce ya ɗan zauna in ga yadda zai ɗauke shi. Na san aikinku ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma na san akwai wanda ake kawo muku rai a hannun Allah, babu lokacin tsayawa awo. Baba ba ya cikinsu. Kwana huɗu ya yi a gado yana jiran aiki, yana salla a gaban kowa. An auna jininsa, an auna bugun zuciyarsa, an ɗauki hoton cikinsa. Ba a samu wanda ya ce masa ya sunkuya a gani ba.

Na biyu, bayani. Ni aka kira gefe aka yi wa, rabi da Turanci, na sa hannu a takarda. An ce in gaya wa Baba. To, da wane baki? A gidanmu ɗa ba ya zama gaban mahaifinsa ya yi masa zancen bayan gidansa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce za a ɗan sa masa wata 'yar jaka, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Sai da ya farfaɗo ya kai hannu ya ji abin da ke cikinsa. Kallon da ya yi mini ranar har yanzu yana damuna, kuma ina jin haushin kaina kamar yadda nake jin na wanda ya ɗora mini wannan aike.

Na uku shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Tun ina yaro Baba a sahun farko yake salla, dama da liman. Sati biyu da sallamarsa ya lallaɓa ya je Azahar, jakar ta saki a raka'a ta biyu. Tun daga ranar bai sake taka masallaci ba. Liman ya zo har gida ya gaya masa cewa mai larura sallarsa ta yi, kada ya sa wa ransa damuwa. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, na yarda sallata ta yi. Amma wanda ke gefena fa? Da wane ido zan kalle shi?" Yanzu ya rage cin abinci don kada jakar ta cika. Tuwo loma uku, sai ya ture kwano. Mutumin da kuka ƙwato daga ciwon daji, ga shi yana ƙarewa a ɗaki saboda kunya.

Na yi iya abin da sana'ata ta sani. Na farke wandunansa na ɗaga ƙubakar sama, na ɗinka masa ɗamara mai laushi da za ta riƙe jakar. An samu sauƙi kaɗan. Amma ramin yana nan inda yake, shi kuwa ba aikin tela ba ne.

Don haka nake roƙonka, don girman Allah, ka sa a mai da yin alamar nan dole ga duk wanda ba na gaggawa ba. A sa shi ya yi ruku'u da zaman tahiya, in manomi ne ya sunkuya kamar ya riƙe fartanya, da wandon da ya saba sawa, ba rigar asibiti ba. A samu babban mutum, namiji ga maza, mace ga mata, ya keɓe da mara lafiya ya yi masa bayani da Hausa, ba a gaban 'ya'yansa ba. A koya masa canja jakar da hannunsa kafin a sallame shi. Sannan ina roƙon ka duba Baba da kanka. In akwai halin a gyara ko a matsar da ƙofar, ka gaya mana. In babu, ka gaya mana gaskiya, za mu ɗauka.

Har yau, in an kira salla, mutanen sahun farko sukan bar gurbinsa a buɗe. Sai an tayar da iƙama, sun waiwaya ba su gan shi ba, sannan su matso su rufe. Ina so ya koma kafin su daina waiwayawa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a hannunka, ya sa duk wanda ka yi wa aiki ya tashi da lafiyarsa da mutuncinsa.

Wassalam.

Naka,
Wani tela, ɗan Aujara mazaunin Dutse