Ku Fito Daga Bayan Taga Ku Duba 'Ya'yanmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni matar manomi ce a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke ƙarƙashin kulawarka. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haihu huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata bayan la'asar. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, maganar da ke ciki ba ta karkace ba. Na nemi a buga ta a fili ne domin abin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ka san halin da ake ciki a shekarun nan. Hatsi ya yi tsada, taki ya gagari talaka, ɓarayi kuma sun hana dabba kwana a turke. Da aka kwance awakin maƙwabtanmu, maigidana Malam Isa ya ce a riƙa shigo da namu ɗaki, ya samo kare ya ɗaure a tsakar gida. Kusan kowane gida haka ya yi. Yara na kwance a tabarma, awaki na tuƙa a gefensu. Cire wa dabba kaska kuwa aikin yara ne tun kaka da kakanni: su tsinke ta da farce, su murtsuke, su jefa a toka. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai cuta a ciki. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. Bara, lokacin noman farko, babbar 'yata mai shekara tara ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Ina tsefe mata kai na ga wani ƙurji a ƙeyarta, baƙi ƙirin kamar inda garwashi ya taɓa, ga kaluluwa a wuya. Ta ce ba ya mata ciwo. Na shafa man kaɗanya na ɗaura mata ɗankwali.

Muka kai ta asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Ban sani ba ko ka taɓa zuwa. Malamin asibiti yana ciki, mu muna waje a layi, tsakaninmu taga. Ta tagar ake miƙa yatsa a tsira, ta tagar magani ke fitowa. Uwar mijina, Iya, ita ta riƙe hannun yarinyar, ita ta yi bayani, ni ina baya. 'Yar fari ce, kai ma ka san al'adarmu: uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle ta tsallake uwar miji ta karɓe magana. Iya ba ta san da ƙurjin ba. Ni da na sani, ban san yana da alaƙa da zazzaɓi ba, ba a kuma tambaye ni ba. Gwajin jini ya nuna babu zazzaɓin cizon sauro. Duk da haka maganinsa aka ba mu, aka ce mai yiwuwa ɓoyewa ya yi.

Na biyu. Ta shanye maganin, jiki sai gaba yake. Ƙananan ƙuraje suka feso mata har tafin hannu da tafin ƙafa. Mata suka ce ƙyanda ce, alhali ta riga ta yi ƙyanda tana goye. Muka koma tagar nan. Wannan karon aka ce taifod ne, aka ba mu wani maganin. A zuwa biyun nan babu hannun da ya ɗaga ɗankwalinta, babu idon da ya dubi bayanta. Daga baya ta daina gane mu, ta riƙa kiran awaki da sunayensu. Kafin Malam Isa ya samo motar da za ta kai mu birni, Allah Ya karɓi abarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Matan da suka yi mata wanka su ma sun ga baƙin ƙurjin, suka riƙa tambayar juna mene ne.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma yarda da ƙaddara. Amma Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, Ya kuma ɗora amanarsa a wuyan wasu.

Na uku. Gero bai nuna ba ƙanenta Musa ya kwanta da irin zazzaɓin. Muka je tagar, aka tsira yatsa, aka miƙo maganin da aka ba yayarsa. Ranar na ajiye kunya. Na ce wa Malam Isa ko da ƙafa ne zan kai yaron nan birni. Wani maƙwabci mai kai hatsi kasuwar Dawanau ya ɗauke mu a kan buhuna, daga can muka shiga babban asibiti.

Wata likita ce ta gan mu. Ta tuɓe masa riga, ta duba cikin gashi, bayan kunne, hammata, har matsematsi. A hammata ta samu baƙin ƙurjin, sak na yayarsa. Ta tambaye ni ko muna da dabbobi da kare, da inda suke kwana. Ta ce akwai ƙwayar cuta da kaska ke sa wa mutum, wani irinta kuma ƙuma da ƙwarƙwata ke kawowa, kuma maganin cizon sauro ba ya taɓa ta. Ta ce wata tana zuwa da sauƙi, wata tana kisa in an yi jinkiri, shi ya sa in alamun sun haɗu ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara magani. Na kwafi sunan maganin daga kwalinsa, dokisisaikilin. Ba wani baƙon abu ba ne daga nesa, har a kemis na gan shi. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, Musa ya nemi koko.

Ba a gwada jinin 'yata don wannan cuta ba, saboda haka ba zan rantse cewa ita ta kashe ta ba. Na faɗi abin da idona ya gani a jikin yara biyu, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya. An tuɓe wa ɗaya riga, yana raye.

Ban zo don a kori malamin asibitinmu ba. Shi kaɗai ne a kan ƙauyuka da yawa, na sha ganin layi ya kai gindin darbejiya. Abin da aka koya masa da abin da aka ba shi, shi yake bayarwa. Kai ne mai koyarwa da bayarwa, shi ya sa na nufo ka.

Ga roƙona, ranka ya daɗe:

Ɗaya, a daina duba yara ta taga. In gwaji ya nuna babu zazzaɓin cizon sauro, a shigar da yaro ciki, a cire ɗankwali da riga, a nemi baƙin ƙurji da kaluluwa. A samar da ma'aikaciya mace saboda 'yan mata.

Biyu, a tambayi uwa kai tsaye, ko da tana tsaye a baya ta sunkuyar da kai. Ita ke wanka, ita ke tsifa. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san uwar ɗan fari ba za ta fara magana ba sai an tambaye ta.

Uku, a ajiye maganin nan a asibitinmu, a koya wa ma'aikata lokacin ba da shi da yawan da ya dace da yaro, kada tsoro ya sa mu riƙa saye da ka.

Huɗu, a turo malaman dabbobi su yi feshin kaska, a kuma sa limamai da masu unguwa su sanar cewa yara su daina murtsuke ta da hannu. Kada a ce mana mu fitar da awaki waje kawai. In an sace su, da me za mu ci?

An fara sharar gona, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kaska za ta dawo da ciyawa. Awakin suna nan a ɗaki, yarana uku suna nan a tabarma. Kowace safiya ina bin jikinsu da ido, amma in na gani, tagar nan zan koma. Ina roƙo a yi wani abu kafin shuka ta tsiro.

Allah Ya ba ka ikon sauke amana, Ya tsare maka zuri'a, kada Ya nuna maka abin da na gani.

Shekara tara ban kira sunan yarinyar nan da bakina ba, ko a tagar asibiti ban kira ba. Tunda yanzu na iya rubutu, ga shi domin ka san wadda ake magana a kanta. Sunanta Habiba.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Mahaifiyar Habiba