Rasuwar Malam Kalilu Hodi a Kan Maɗacin Alhaji Arzika

Cikin alhini da ƙunar zuci, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Hawa da Saran Icce ta Argungu da Birnin Kebbi, ƙarƙashin jagorancin mai girma uban ƙungiya, Sarkin Sara Malam Maliki Tamba, ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu, babban gwaninmu kuma mataimakin shugabanmu, Malam Kalilu Hodi Argungu, wanda ya koma ga Mahaliccinsa ranar Talatar da ta gabata. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayin haifaffen Argungu ne, kuma a hannun mahaifinsa ya koyi hawa, tun daga kaɗo ɗorawa da saro wa shanun Fulani ganyen gawo, har ya kai matsayin da duk iccen da ya gagari mutane tsakanin garuruwan nan biyu, shi ake aika wa. Ba ya hawa da takalmi. Igiya a ƙugu, gatari a kafaɗa, adda a bayan wando, iyakar kayan aikinsa ke nan. Shi ya sauke tsohon rimin da ya sunkuya kan masallacin unguwarsu reshe bayan reshe, ba tare da ko indararo ya karye ba, kuma shi ya sauko da wani makiyayi a bayansa daga kan tsamiya, bayan ƙudan zuma sun rufe mutumin har ya daina gani.

Ba za mu ce yana da sauƙin hali ba. Mutum ne marar yawan magana, mai saurin ɗaure fuska, kuma babu ɗayanmu da bai taɓa shan faɗansa ba a kan ƙullin igiya. Amma duk tsawon zamansa a cikinmu, ba a taɓa ɗauko gawar wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa ba.

Da yake labari ya fara yawo a kasuwa cewa santsi ne ya ja shi, wasu ma na cewa ganganci ne irin na masu taƙama da gwaninta, ƙungiya ta ga wajibi ne ta sanar da jama'a yadda abin ya faru, kamar yadda waɗanda suka gani da ido suka shaida a gabanta.

Alhaji Arzika, babban dillalin albasa, ya gina sabon sito a bakin hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, ƙarƙashin wani tsohon maɗaci wanda sarƙaƙiya da sauran yaɗo suka nannaɗe tun daga gindi har ƙoli. Sai da aka gama rufin kwano sannan ya tuna da iccen. Aka kira marigayin, ya duba, ya roƙi a bar shi ya sassare yaɗon daga ƙasa, a jira ya bushe kafin a hau, domin ɗanyen yaɗo yana riƙe reshen da aka sare, ya juya shi inda ba a zata ba. Alhaji ya ce ya riga ya gayyaci manyan baƙi bikin buɗe sito, kuma ya tuna masa cewa gonar shinkafar da yake ci da iyalinsa a fadama aro ce daga hannunsa. Marigayin ya je ya haɗa kayan aikinsa. Da gari ya waye ya hau.

Ya sauke ƙananan rassa lafiya, ƙanensa Ummaru yana riƙe masa igiya a ƙasa. Da hantsi ya sare babban reshen da ya miƙa saman sito. Reshen bai bi igiya ba. Yaɗo ya riƙe shi, ya wurgo shi baya, reshen ya danne marigayin da jikin iccen daga ƙirji zuwa cinya. Yana da rai, yana magana, kuma da bakinsa ya gaya wa ƙanensa jijiyar yaɗon da zai sara domin reshen ya zame ya sake shi. Sai dai idan reshen ya zame, a kan sabon kwano zai faɗi.

Alhaji Arzika yana wurin. Ya hana. Ya sa 'yan dakonsa suka riƙe Ummaru suka ƙwace addar hannunsa, ya ce a je gari a nemo manyan igiyoyi da za a janye reshen gefe, mutumin da ya saba wuni a sama ba zai gaza ɗan jira ba. Daga hantsi har aka kira azahar marigayin yana maƙale cikin zafin bazara. Da farko yana kiran sunan ƙanensa, daga baya ruwa kawai yake roƙo, daga baya kuma ya yi shiru. An ga Alhaji ya sa an jawo masa kujera zuwa inuwar iccen.

Da igiyoyin suka iso aka janye reshen, aka sauko da shi yana numfashi sama-sama, sai aka roƙi babbar motar Alhaji, aka ce an riga an yi mata lodin albasa. Malam Bayo, mai sayar da kayan gini a Birnin Kebbi, wanda wucewa kawai yake yi, shi ya sauke buhunan siminti a bakin hanya, ya kwantar da marigayin a bayan a-kori-kurarsa. Rai ya yi halinsa kafin su kai Ambursa. Ƙungiya tana miƙa godiyarta ga wannan bawan Allah.

Ba a ga Alhaji Arzika a wurin jana'iza ba. Ranar addu'ar uku ya turo wakili da buhun albasa, tare da saƙo biyu: yana son sanin wanda zai ƙarasa aikin, kuma yana sanar da iyalin cewa tun da babu mai noma gonar fadama, ya ba wani. A gaban masu zaman makoki aka faɗi wannan, mahaifiyar marigayin tana ji.

A madadin uban ƙungiya, da dattawanta, da ɗaukacin mambobinta, muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Inna Laure, da maiɗakinsa Malama Ma'u, da 'ya'yansa, da ƙanensa Malam Ummaru, wanda har yau bai iya haɗa ido da kowa ba, alhali ba shi da laifin komai. Allah Ya jiƙan Malam Kalilu, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Ba mu roƙe su su yafe wa kowa ba, domin haƙƙin nasu ne.

A ƙarshe, muna sanar da jama'a cewa an mayar wa Alhaji Arzika buhunsa. Rabin maɗacin yana nan tsaye, ya karkata kan siton, iskar farkon damina kuma ta kusa, kuma babu ɗan wannan ƙungiya da zai taɓa shi. Haka nan daga yau babu ɗayanmu da zai sara wa Alhaji icce, na girki ne ko na rufin ɗaki, har da wanda za a jera masa a kabari ranar da tasa ta zo.

Malam Atiku Abu Argungu,
Kakakin Ƙungiyar Masu Hawa da Saran Icce ta Argungu da Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
Afrilu, 1984.