Hular da Kika Bari da Allura a Jiki

Zuwa ga Rabi'atu, uwar 'ya'yana,

Amincin Allah ya tabbata gare ki a makwancin da ɗan aike ba ya kaiwa. Na san idonki ba zai sauka a kan wannan takarda ba, amma alƙalami ya ƙi ajiyuwa, ni kuma na ƙi tilasta masa.

An fara cire albasa a Aliero, kin kuwa san ma'anar wannan a gidanmu. Inna ba ta riƙe mini ranar haihuwa ba. Abin da ta sani kawai, naƙudata ta kama ta ranar da Baba ya tuge albasar farko a fadama. Ke kika ɗauki wannan zance kika mai da shi al'ada: duk shekara, ranar da buhun farko ya shigo gida, sai in iske sabuwar hula bisa matashina, ɗinkin hannunki.

Bana buhu ya shigo, matashi fayau. Hular tana cikin kwallarki, rabi ya cika da ado, rabi zane ne kawai a kan farin ƙyalle, allura soke da koren zare daidai inda ciwo ya tsayar da ke.

Yayarki Hajo ta zo daga Gumbin Kure ranar rabon kayanki. Zannuwa, kwanuka, har tabarmar sallarki, duk na bari aka raba. Da ta kai hannu ga hular, wai za ta ba wata yarinya ta ƙarasa a yi sadaka da ita, sai na ce a sa ta cikin rabona, a bar mini. Ta ce ina hana ki kwanciya lafiya. Ashe ƙyalle zai tayar da wadda rahamar Allah ta lulluɓe?

Ɗiyarmu Nafisa ta nuna mini riƙon allura. Tun daga nan, kullum bayan la'asar sai in zauna zaure ina ɗinki da yatsun da ba su san komai ba sai alƙalami da bakin buhu. Maƙwabcinmu Malam Bawa ya leƙa ya ce kaza ma ta fi ni tsara tono. Kawu Umaru kuwa ya kira ni gefe, wai ranar haihuwa al'adar Nasara ce, wai kuma na rasa dangana. Rabi, wane Banasare ne ke ƙirga shekarunsa da albasa? Ni na tsaya a sahun gaba aka yi miki salla, ni na sa ki a ƙasa da hannuna, ban ce don me ba. Na dangana da rashinki. Barin aikinki a yashe ne ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba.

Zaren da kika ja bai tsinke ba,
Hannu ya sauya, alkawari bai sauya ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Hularki ta farko ta matse ni, har tana bar mini shaida a goshi. Kika ga ban rabuwa da ita, kika ce ita na fi so. Kin yi gaskiya. Ciwon kan da ta sa ni ya fi mini lafiyar yau daɗi.

Jiya na ƙarasa. Na kai wa mai wankin hula a Jega, ya juya ta, sannan ya roƙe ni in bari ya warware ɓangarena a sake, don kada in kunyata. Na ce ya wanke, ya buga, kada ya taɓa zare ko ɗaya.

Ranar Juma'a da ita zan je masallaci, kuma mahaɗar ɗinkinki da nawa zan sa daidai tsakiyar goshina. Duk wanda ya yi dariya, zan nuna masa da yatsa: daga nan zuwa nan Rabi ce, daga nan kuma rashinta ne.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Naki, wanda kika auna kansa da zare,
Uban Nafisa