Koramar Kuka Biyu Ce

Tawa, daren Laraba, damanar 1964

Da hantsi anka aiko cewa makiyaya sun fasa kan ƙanena Idi a Koramar Kuka. Ban tsaya tambaya ba, na suri sanda na ruga koramar da ke hanyar Bambeye, inda tsohuwar kukar nan take tsaye. Na iske wani dattijo yana shayar da awaki, na maka mai sanda har jini ya wanke mai fuska.

"Ɗana, mi na yi maka?" Iyakar maganarsa ke nan.

Ashe ɗaya Koramar Kukar ta hanyar Tebaram anka nufa, wadda ta samo sunanta daga kukan matan da ruwa ya cinye ɗiyansu.

Ga Idi can da kai a ɗaure yana shan fura. Dattijon bai farfaɗo ba. Yau koramar Bambeye ma ta samu masu kuka.