Matar da Ke Cikin Madubi

Bowen, 9 ga Yuni

Yayata Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya kuma sanyin Ballarat? Na ji a rediyo wai ƙanƙara ta kwanta muku har kan rufin motoci. Ki riƙa kunna abin ɗumama ɗaki, ki bar taurin kan nan naki.

Mun iso lafiya ranar Talata, bayan kwana tara a hanya. Na san Leanne ta kira ki tana kuka, wai na sace mata uba. To, ban musa ba. Na soke ganin likitan da ta shirya masa, muka ɗaura ɗakinmu na tafi-da-gidanka a bayan mota, muka taso mako guda kafin lokaci. Ke ma kin san abin da zai biyo bayan gwajin nan: su karɓe lasin tuƙin Merv, daga nan sai gidan tsofaffin da ta riga ta sa sunansa a layi. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar katako, ko kare bai taɓa bugewa ba. Don kawai ya ajiye makulli a firji sau biyu? 'Yata ce, amma wani lokaci sai in rasa wa ta gado.

Zangon yana nan yadda muka bar shi bara. Filinmu dai shi ne na sha huɗu, gindin kwakwa, teku a gabanmu, shekara ta sha tara ke nan. Maƙwabtanmu Trevor da Dot, 'yan Tasmania, sun riga mu zuwa. Kin san halin mutanen zango, da zarar wani ya iso sai kowa ya fito da kujerarsa a zauna kallon yadda zai shigar da ɗakinsa da baya. Trevor yana kiran abin silima, ya rantse a idonsa aure uku suka mutu a nan, miji na ihu ta taga, mata na ihu daga baya. Mu ba ma ihu. Nakan tsaya inda Merv zai gan ni a madubin gefe in yi masa hannu, dama, hagu, taho, in na gicciye hannuwa ya tsaya. Dokarsa ɗaya ce tun shekararmu ta farko: in bai gan ni a madubi ba, ƙafarsa ba ta barin birki.

Sau ɗaya ya shigar da ɗakin, ya zauna daram tsakanin kwakwar da famfo. Aka tafa masa. Trevor ya ce, "Kai tsohon banza, ka ɓata mana silima." Merv ya yi dariya har da hawaye. Wannan nake so ki gaya wa Leanne.

A ofishin zango sun ba ni takarda mai jerin abubuwa ashirin da baƙo zai yi a garin nan lokacin sanyi. Kowace shekara a kwandon shara take ƙarewa. Bana na manna ta a ƙofar firji, kuma duk sai mun yi su. Kar ki tambaye ni dalili.

Ki gaida limamin cocinku, ki gaida kyanwarki mai baƙin hali.

Ƙanwarki,
Noelene

Bowen, 6 ga Yuli

Yaya Glenys,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da murar da kika ce ta kwantar da ke. Da fatan kin samu sauƙi. Wasiƙarki ta zo. Kin kira ni mai son kai, kin ce ba ranmu kaɗai na sa a hanya ba, har da na 'ya'yan mutane. Na yi fushi kwana biyu, na tura ta ƙarƙashin katifa. Yau na ciro ta.

Bari in fara da takardar firji, ta fi sauƙin faɗa. Mun yi iyo, don yanzu babu halittun nan masu harbi a ruwa, kuma ruwan ɗumi gare shi kamar na wankan jariri. Mun je kasuwar Lahadi, na sayo tumatir da ya fi ƙarfin mutum biyu. Mun je gada kamun kifi. A can na ga Merv ya riƙe ƙugiya da zare yana jujjuya su, ƙullin da shi ya koya mini ya gagare shi. Yanzu ni nake ƙulla masa a ɗaki kafin mu fita, in ce hannuna ne ke ƙaiƙayi. Wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa kuwa mun daina zuwa. Ya ɗauki ƙwallon abokan hamayya ya jefa, ya sake, sai na ce wa mutane kafaɗarsa ce ta motsa.

Ranar Alhamis mun hau tudu kallon manyan kifayen nan masu feso ruwa sama, waɗanda su ma sanyi ke korowa nan kamar mu. Mun ga uwa da ɗanta. Merv ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mu yi sauri mu ɗauko Leanne daga makaranta ta gani. Leanne mai shekara arba'in da shida. Na ce masa to, bari su matso tukuna. Na juya na yi kamar iska ce ta shiga mini ido.

Mafi wuya shi ne zaman ƙarfe huɗu, lokacin da kowa ke kawo kujera da kwalbarsa gindin bishiya. In ya fara magana sai in ƙarasa masa kafin ya ɓace a tsakiya. Shekaranjiya Dot ta ce, "Noelene, ki bar bawan Allah ya yi amfani da bakinsa mana, ko haya kika karɓa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Na gaji, Glenys. Gadin mutum ba tare da ya san ana gadinsa ba ya fi kowane aiki da na taɓa yi cin rai.

Kuma na yi miki ƙarya da na ce mun iso lafiya. A wani shataletale a hanya ya shiga ta hannun da ba nasa ba, ga motar makaranta tana tahowa. Ni na fizgi sitiyari. Bai ma san abin da ya faru ba, sai cewa ya yi direbobin yanzu ba su da tarbiyya. Ban san yadda za mu koma gida a Satumba ba, ni da ban taɓa jan ɗakin nan ko taku goma ba.

Amma yana sanina. Kullum safiya shi ke haɗa shayi, ya kawo mini ya ce, "Ga shi, Manaja," kamar yadda yake yi shekara arba'in da tara. Muddin yana sanina ba zan miƙa shi ga baƙi su riƙa yi masa wanka ba. Ranar da ya dube ni bai gane ni ba, da hannuna zan kira Leanne. Na yi miki wannan alkawari, ke kuma ki yi mini shiru zuwa lokacin.

Ki sha ruwan zafi da zuma, ki rufe ƙirji.

Taki,
Noelene

Bowen, 3 ga Agusta

Yayata,

Da fatan kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta lafa. Ni jikina lau. Sauran ki karanta.

Jiya masu sauke kwakwa suka zo, don kada ta faɗo wa wani a ka. Aka ce mu fitar da ɗakinmu da safe, mu mayar in sun gama. Fitarwa ba wuya, gaba ce kawai. Ba su gama ba sai wajen ƙarfe huɗu, daidai lokacin da zango duka ke zaune da kujerunsa. Trevor ya ɗaga kwalba ya ce yau za a maimaita silima.

Merv ya shiga mota ya tayar. Na je na tsaya a wurina, ina ganin fuskarsa a madubi sarai, har tabon da ke haɓarsa. Na yi masa hannu ya taho. Mota ba ta motsa ba. Na sake yi, na matsa dama kaɗan ko rana ce ke kashe masa ido, na ɗaga hannu biyu. Yana kallon madubin, ina kallonsa.

Trevor ya taka zuwa taga yana dariya, ya ce, "Malam, barci ka yi ne, ko sai an tura ka?" Merv ya ce matarsa yake jira, ba ya motsawa sai ya gan ta a madubi. Trevor ya ce ai ga ta can tana ta fiffika kamar kaza. Na ga ya ƙara leƙa madubin, a natse, yadda yake duba hanya. Sai ya ce, da muryarsa ta kullum, kowa yana ji, "Waccan tsohuwar? Ka ce mata ta kauce kar in taka ta. Ka nemo mini Noelene."

Ba wanda ya ƙara dariya. Na ji ana naɗe kujeru ɗaya bayan ɗaya, mutane suna zamewa. Ni kuwa ina tsaye hannuwana a sama, ban san na bar su a can ba sai da Dot ta zo ta sauke mini su. Na je taga na kira sunansa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce in yi haƙuri yana aiki. Ya hana Trevor makulli. Fiye da awa ɗaya injin mota na ci, ƙafarsa na kan birki, idonsa na kan madubi. Sai da rana ta kusa faɗuwa Trevor ya lallashe shi da cewa na tafi kanti, na ce a shigar da ɗakin kafin in dawo.

Abin da ke cin zuciyata shi ne bai manta dokar ba. Ya manta ƙulli, ya manta shekarun 'yarsa, ya manta fuskata, amma bai manta cewa ba zai motsa ba sai ya tabbata ba na bayan taya. Da ya taka ni, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Na cika alkawari. Leanne za ta sauka ranar Juma'a, ba ta ce mini ai na gaya miki ba, kuma na gode mata. Trevor zai ja mana ɗakin zuwa gida. A ofis sun tambaya ko a rubuta mana fili na sha huɗu na baɗi kamar kullum, na ce su ba na bayanmu a layi. Takardar firji ta tsaya a sha ɗaya.

Yau da safe ya haɗa shayi ya kawo mini, ya ce ga shi Manaja. Ya zauna bakin gado ya tambaye ni ina na shiga jiya, ya yi ta jirana har ƙafarsa ta sage. Na ce ina nan kusa. Ya girgiza kai, ya ce wata tsohuwa ta tsaya a bayansa tana ta ɗaga hannu ita kaɗai, ta ba shi tausayi ƙwarai, da gani mijinta ne ya ɓace mata.

Ki sa mu a addu'a. Ki sa a kunna mana wuta a gida kafin mu iso, zai ji sanyi.

Ƙanwarki,
Noelene