Wanda Zai Riƙe Makullin Motar Lahadi

Ni mahaifinku ne nake wannan rubutu da hannuna, zuwa gare ku ku huɗu: Babba, Malama, Dogo da Auta. Hankalina garau yake. Na faɗi haka tun farko don na san halin Babba, da ya iso inda abin bai yi masa daɗi ba zai ce ciwo ne ya taɓa wa Baba kai. Kaina lafiya lau. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, likita kuma ya yi mini irin kallon da makanike ke yi wa motar da ba ya son gaya wa mai ita gaskiya. Na gane. Ban ji tsoro ba, na san wurin wanda za ni, Yesu Almasihu bai taɓa barina a hanya ba. Zaman nan ne ya ishe ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan sitiyari an ce ya kwanta ya kalli silin. In kwanta, in tashi, in zauna bakin gado, in leƙa taga in ga bas ɗina a tsakar gida ganye ya taru a kan gilashinta. Auta ta ɓoye makullin, mamanku kuma ta ce in ban daina zirga-zirga ba za ta ɗaure ni da zaninta. Shi ya sa na ce a ba ni biro, ko hannuna ya samu aikin yi.

Na ɗaya. Gidan nan na mamanku ne muddin tana numfashi. Kada wani ya zo da shawarar a sayar a kai ta wurinsa, wai don kada ta zauna ita kaɗai. Ta san inda kowane cokali yake a gidan nan, ku ne za ku riƙa zuwa. Bayan ranta ku raba yadda kuka ga dama, amma ku raba kuna zaune a ɗaki ɗaya. Babu mai bina bashi, ni ma ba na bin kowa.

Na biyu. Akwatin kayan aikina, da jak, da sifanonin da ke rataye a gareji, a ba makaniken ƙarshen layi. Ya sha kwanciya a ƙarƙashin motar nan da safiyar Lahadi da fararen kayansa. Kwat ɗina baƙa ta Babba ce, in ta shige shi, don tumbinsa ya riga nawa girma. Littafin addu'ata mai manyan baƙaƙe na Malama ne. Agogona na Auta ne, ita da ke auna mini lokacin shan magani kamar soja.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Duk waɗannan tarkace ne, ba su suka hana ni sukuni ba. Maganar motar ce, da maganar ɗan'uwanku.

Kun san yadda abin ya fara. Da na bar tuƙin babbar mota, na sayi tsohuwar bas ɗin nan don in riƙa ɗan haya. Wata Lahadi na ga tsohon telan nan na bayan kasuwa zaune a bakin kwalbati da sandarsa, ya fito zai je sujada ƙafa ta ƙi. Na ɗauke shi. Mako na gaba ya zo da maƙwabcinsa. Kafin in ankara na zama direban tsofaffi da guragu da masu jego, ina bi layi layi, ina tsayawa a bakin ƙofa in danna hon in jira. Kun yi mini dariya a lokacin, Malama har ta ce Baba ya buɗe asibiti mai taya. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

A motar nan na koyi abin da ban koya a kan bencin majami'a ba. Mutum ba ya barin Ubangiji rana ɗaya. Yakan fasa zuwa sau ɗaya don ciwo ko baƙin ciki ko rashin takalmi. Sai kunya ta kama shi. Sai ya tuna cewa ranar da ya koma, tun daga bakin ƙofa za a tare shi da ina ka shiga, kwana biyu, mun zaci ka ƙaura. Masu tambayar suna ganin kulawa suke yi, shi kuwa ji yake ana tuɓe shi a gaban jama'a, sai ya ƙara mako. Don haka na kafa doka ɗaya a motata: ba a tambayar kowa inda ya shiga. Ko shekara ka yi ba ka fito ba, ranar da ka buɗe ƙofa abin da za ka ji shi ne sannu da fitowa, a matsa masa. Tela ya taɓa karya dokar, ya tambayi wata gwauruwa me ya ɓoye ta. Na taka birki a tsakiyar titi na ce ko ya ba ta haƙuri ko ya ƙarasa da sandarsa. Ya ba ta haƙuri, yana gunaguni har muka isa.

Na uku, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Dogo bai taka majami'a ba tun da muka binne 'yarsa, amaryata, yarinyar da ke zama a gaba kusa da ni tana danna mini hon. Dukanmu mun yi addu'a a kanta, mun yi azumi, Ubangiji ya ɗauke ta. Ban san dalili ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ƙarya yake yi. A zaman makoki, a gaban mutane, kai Babba ka ce da bangaskiyar gidan ta cika da yarinyar ta tashi. Na san ba mugunta ba ce. Kai ma kuka kake yi, bakinka ne ya riga zuciyarka, kuma tun da aka naɗa ka dattijo a ikilisiya kake ganin dole kowane shiru kai za ka cike shi. Amma na ga fuskar ƙaninka a lokacin. Mutum ya rasa 'ya, aka kuma ɗora masa gawarta a ka. Raina ya ɓaci a ranar, har yau kuma ban manta ba.

Daga nan kowannenku ya tashi ceto shi, kowa da irin nasa. Babba ya tura masa dattawa har shagon waldarsa, suka tsaya masa a ka da fuskar shari'a, shi yana riƙe da ƙarfe mai zafi. Malama kullum safiya sai ta aika masa saƙo a waya, aya a sama, gargaɗi a ƙasa, kamar takardar jarrabawar da ta yi wa jan biro. Auta kuwa da ta gan shi sai hawaye, har ya koma lallashinta. Dukanku kuna ƙaunarsa, na sani. Amma abin da ke isa kunnensa ɗaya ne, cewa ya faɗi kuma kowa na kallo. Mu gidan nan mun iya gyara mutum. Tun kuna yara in ɗayanku ya kawo sakamako mai kyau, sai an nemo darasin da ya gaza a yi magana a kai. Ƙarfafa zuciya daban take da gyara, kuma wanda ke kwance a ƙasa ba gyara yake bukata ba tukuna.

Ni abin da na iya shi na yi. Kowace Lahadi ina tsayawa a ƙofar gidansa in danna hon. Matarsa ta fito ta shiga, idanunta jawur. Ni kuma in ƙara jira kaɗan, injin yana aiki, tsofaffi a baya sun yi tsit don sun san abin da nake jira. Bai taɓa fitowa ba. Amma labulen tagarsa yana motsi, ina gani a madubi lokacin da nake jan mota. Wanda ya gama da Allah gaba ɗaya ba ya tsayawa a bayan labule. Yanzu ga ni a kwance, Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, babu wanda ya tsaya a ƙofar nan. Abin da ke tayar da ni daga gado ke nan. Ina tsoron ya ɗauka cewa hon ɗin nawa ne ni kaɗai, in na tafi ya tafi, kuma babu sauran mai jiransa, a ƙasa ko a sama.

Na huɗu. Babba, ka je ka ba ƙaninka haƙuri. Kada ka je da dattawa, kada ka je da aya, kada ka ce in maganata ta ɓata maka rai. Ka ce abin da na faɗa ba daidai ba ne, ba laifinka ba ne, ka yafe mini. Daga nan ka rufe bakinka, ko da shirun zai kashe ka. Na ji kuma ana maganar a cire sunansa daga cikin 'yan ikilisiya. In aka kawo wannan magana kana zaune ba ka tashi ka hana ba, ka sani ka saɓa mini.

Na biyar. Malama, ki daina saƙon safiya. In hannunki yana ƙaiƙayi, ki tambaye shi ko ya ci abinci. Ki kai masa ƙofarki da ta karye ya gyara, ki kuma yaba aikin, don ƙaninki gwani ne, ban taɓa jin ɗayanku ya gaya masa ba. Auta, ki yi kukanki a ɗaki, ki wanke fuska, sannan ki je ki ba shi dariya yadda kika saba. Ku riƙa ambaton yarinyar a gabansa. Kun daina kiran sunanta don kada ku tuna masa, kamar ya taɓa mantawa.

Mamanku ta leƙo ta ce in ajiye biron in huta. Ban ajiye ba, saura kaɗan.

Na shida. Bas ɗina ta Dogo ce. Na san Babba ya sa rai, na san kuma za a ce a miƙa ta ga ikilisiya a nemo direba. A'a. Auta, ki fito da makullin daga inda kika ɓoye ki sa masa a hannu.

Dogo, ɗana, yanzu da kai nake. Ban ce ka shiga majami'a ba. Ban ce ka yi waƙa ko ka rufe ido ba. In kana fushi da Ubangiji, yi fushinka, ya ɗauki wanda ya fi naka bai karye ba. Abin da na roƙe ka shi ne ka kwashi tsofaffin nan. Tun da na kwanta suna zaune a gida da kayan Lahadinsu a jiki, wasu ba su da mai ce musu sannu daga mako zuwa mako. Kai ka san yadda ɗaki yake in ya yi shiru, ka fi 'yan'uwanka sani, shi ya sa na zaɓe ka. Ka kai su bakin ƙofa, ka sauke su, ka zauna a mota in ka ga dama har a tashi. Sai dai in gaya maka, akwai Goggo mai gidan kusa da famfo, idanunta sun tafi, dole a riƙe hannunta daga mota har benci. Kuma in ta kama hannu ba ta cika saki da wuri ba. Wannan tsakaninka da ita ne, ni babu ruwana.

Motar taka ce halak malak. In ka sayar, ka sayar, ba zan tashi in tambaye ka ba, kuma na hana kowa tambayarka. Ban san abin da za ka yi ba. Da na sani da na kwanta na yi barci kamar kowane tsoho.

Ku sauran, in wata rana kuka ji takun Dogo a bayanku cikin sujada, kada wanda ya waiwaya. Kada a tafa, kada a kira shi gaba ya ba da shaida, kada fasto ya ambace shi. Ku matsa masa a benci kawai.

Abu na ƙarshe. Batirin motar ya mutu, ba ta tashi da safe sai an tura. Makanike ya kawo sabo, na ce ya mayar, na kuma sa ya yi mini alkawari ba zai sa mata ba sai ku biyu, Babba da Dogo, kun je tare kun ce ya sa. Mutum ɗaya ba ya tuƙi yana turi. Dogo yana sitiyari, Babba kai ne a baya, da kwat ɗinka da girmanka na dattijo, a gaban duk 'yan layi. Rabonka ke nan a motar, kuma ban ba kowa abin da ya fi shi ba.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku da gidajenku. Ya riƙe mamanku. Ya ba ku bakin da ke ɗaga mutum, ya kuma koya muku lokacin yin shiru. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Kada ku bari a ƙirga ku a ce uku, ku huɗu na haifa, ku huɗu kuma nake so in tarar a gaban Almasihu. Ni dai ba zan ƙara tsayawa a ƙofar nan ba, Dogo. Lahadi tana zuwa, tsofaffi sun yi wanka suna jira.

Mahaifinku.